Ledar Malam a Tumbin Akuya

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka naɗa ni shugaban tsafta na bikin tseren kwale-kwale a ƙauyenmu ba. Lokacin ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi ba, ni kuma sabon malamin firamare ne, na ɗan zauna a Yelwa na ga duniya (a ganina). Idan ina tafiya a bakin tafki har wani ɗaga kafaɗa nake yi, alƙalami biyu a aljihun gaba.

A ƙauyenmu na yankin Ngaski, bikin nan bayan girbi ake yinsa, kuma tun kakanni ba a san wata wahalar shara ba. Waina da ƙosai da soyayyen kifi duk a ganyen ayaba ko ɓawon masara ake ƙunshe su. Kowa ya ci ya yar. Da taro ya watse sai a kwance awaki da tumaki a kora su filin, su yi ta kiwo har gari ya waye tas. Ni kuwa wannan ne ya tsaya mini a rai. Yaya baƙi za su zo daga Shanga da Yelwa su tarar muna cin abinci a ganye?

Gaskiyar magana, ba baƙin ne suka dame ni ba. Hadiza ce, yarinyar da nake nema. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inna Kulu, ita ce shugabar masu tuyar biki, kuma har lokacin ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Na ƙudurta sai na burge ta.

Sai na shiga kasuwar Yelwa na sayo leda buhu guda, mai ratsin shuɗi da fari, irin wadda ba a taɓa gani a ƙauyen ba. Na raba wa mata masu tuya, na hana ganye. Ranar biki ma da aka miƙo mini lasifika don in yi sanarwar wurin wanke hannu, sai na zarce da lacca. Na ɗaga leda sama na ce, "Jama'a, ku dube ta da kyau, wannan ita ce ci gaba, kuma ni na kawo muku ita!" (Har tafi aka yi mini, Allah Ya yafe wa masu tafin.)

Inna Kulu ta ja ni gefe ta ce, "Malam, in an ƙare, wa ka kwashe ta?"

Na ce, "Inna, ki bar komai a hannuna."

Abin da ke hannuna kuwa kwando uku ne da na ajiye a bakin fili. Ba wanda ya kalle su, don hannun da ya saba ci ya yar ba ya neman kwando. Da yamma ina can ina raka baƙi bakin mota, aka kwance dabbobi kamar kullum. Ban hana ba, domin ko a mafarki ban kawo cewa akuya za ta ci leda ba. Na manta ledar ta sha man kifi.

Bayan wasu makonni na shirya zuwa gaisuwa gidansu Hadiza, da babbar riga ta aro da kawuna a gaba. Muna shiga muka tarar da mutane a tsakar gida, mahauci ya durƙusa yana fiɗa. Ashe akuyar Hadiza ce, wadda ta raina tun tana ƙarama don a sayar a haɗa mata kwanukan ɗaki. Tun bayan biki ta daina cin abinci, ciki ya kumbura, jiki ya rame, sai aka yanka kafin ta mutu.

Na yi jaje cikin muryar masana, har ina cewa wataƙila ciwon hanta ne. Ban rufe baki ba mahauci ya tsaga tumbi. Ya sa hannu ya jawo wani abu, ya yi ta ja, abin yana ta fitowa a murɗe kamar igiyar guga. Ya ɗauraye a kwano ya warware. Ratsin shuɗi da fari, ko koɗewa bai yi ba.

Kawuna ya sunkuyar da kai yana gyaran hula. Ni kuwa na ji zufa tana bin bayana a cikin rigar mutane, kunya ta rufe ni har na rasa inda zan ajiye idona.

Inna Kulu ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi kwanon, ta ajiye a gabana a hankali, ta ce, "Malam, ga ajiyarka nan. Ka ce a bar komi ga hannunka."

Daga bayan labule na ji kukan Hadiza, kuma shi ya fi komai ƙona mini rai.

Kawuna ya buɗe baki zai ba da haƙuri, Inna ta tare shi. "Ba ni da magana da ku yau. Sauran awakin gari na can suna kiwo ga filin. In ya tsince kayanai, shi dawo mu ji abin da at tahe da shi."

Haka na tuɓe babbar riga na nufi bakin tafki. Kwana da kwanaki ina duƙe ina tsintar leda a ƙaya da cikin laka, masunta suna wucewa a kwale-kwale suna gaishe ni da aiki, da wani ladabi da ya fi zagi ciwo. Da na gama na haƙa rami na binne.

An ba ni Hadiza daga baya. Sai dai ta tare da jeren kwanuka mai giɓi a tsakiya, kuma ta hana a cike shi. Duk baƙuwar da ta tambaya, sai ta nuna ni da baki.

Tun daga nan, duk taron da aka kira ni shirya shi, ba na fara tambayar me za a ci. Tambayata ita ce wa zai ci abin da aka bari, da ƙafa biyu yake ko da huɗu.