Jar Ciyawar Teku a Gonar Kawu

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na ƙone wa Kawu gero ba. Zamanin soja ne, ana tsakiyar fari, ni kuwa dawowata ke nan daga karatu a Dakar, an ba ni aikin malamin gona a Tasawa. Bincikena a can kan wata jar ciyawa ne da ke tsirowa a teku. Ka ƙara mata azot, wato sinadarin da ke cikin takin zamani, sai ta yi ta tofo, janta ya ƙaru. Ka rage mata, ta koɗe ta tsaya. (Har hotunanta nake yawo da su a jaka, sai ka ce na budurwa.)

Da na je Bawdeta, ƙauyen Kawu, na ga geronsa ya yi rawaya, nan take na yanke hukunci: yunwar azot ce. Kawu ya ce, "Ɗana, ƙasa ba danshi. A jira ruwa." Na zuba masa bayani har da Faransanci. Gonar nan ita ce abincin gidansa na shekara, amma don kunyar ɗan ƙanwarsa mai boko ya bar mini rabi. Na juye wa rabin nawa taki buhu guda, ban rage ko ƙwaya ba. Don rawar kai har na gayyato sufurefe, wato mai mulkin yankinmu, wani kyaftin marar fara'a, ya zo ganin gonar gwaji.

Ruwa bai zo ba. Kyaftin ya zo.

Rabin Kawu na nan tsaye, ramamme dai amma da rai. Nawa kuwa ya soye ƙurmus. Maimakon in yi shiru, wallahi sai na zaro hotuna na shiga bayanin yadda azot ke raya ciyawar teku. Kawu ya karɓi ɗaya, ya jujjuya shi, ya tambaya a hankali:

"Ɗana, ita wannan ciyawar, a ina take zaune?"

"Cikin ruwa, Kawu."

"To."

Kyaftin ɗin da aka ce ba a taɓa ganin haƙoransa ba, ranar har dasashinsa na gani.

Amma ba dariyar ce ta fi ci mini rai ba. Da aka yi girbi, cikin 'yan dammunan da rabinsa ya bayar Kawu ya aiko mini da ɗaya har Tasawa, wai kada malamin gona ya kwana da yunwa. Na sa aka daka shi, na ci tuwonsa. Tun daga ranar, in tsoho ya ce a jira ruwa, inuwa nake nema in zauna.