Ranar da Na Tsawata wa Alƙali

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na daka wa alƙali tsawa a cikin kotunsa ba. Ko na so in manta ma, mutanen unguwarmu ta Yelwa ba za su bar ni ba.

Ni malamar firamare ce, na daɗe ina fama da 'yan aji uku, har bakina ya saba yin aiki bai shawarci kaina ba. Abin da ya kai ni kotu kuwa gonar gyaɗar yayana ce, Yaya Bitrus, can ƙauyenmu Vimtim. Maƙwabcinsa ya tashi rana tsaka ya ce iyakarsa ta wuce tsamiya, alhali tun muna yara a gindin tsamiyar nan babanmu yake jingine fartanya. Ni ce shaidar Yaya. Lauyanmu ya ce in dai na yi bayani da kyau, za a gama komai kafin ruwan shuka ya sauka. Don haka na ɗaura zanen Kirsimeti, na kafa ɗaurin ɗankwali kamar uwar amarya.

Kuskurena na farko shi ne kunun gyaɗar da matar Yaya ta dama mana da safe. Na sha, na ƙara (kada ku tambaye ni girman kofin). Muka isa kotun majistare muka tarar babu wuta, fanka ta tsaya cik, ga zafin Mubi. Aka fara da shari'ar wani da ake zargi da satar kaji. Lauyoyi suna ta Turanci, 'yan kallo suna ta ƙus-ƙus a baya. Na ce bari in ɗan rufe ido in yi addu'a.

Ban san inda addu'ar ta tsaya ba. Na dai tsinci kaina a aji bayan an dawo daga hutun tara, yara suna ta hayaniya, ga wani a gaba yana zuba kamar rediyo. Sai na zabura, na maka jakata a kan benci, na buɗe murya:

"Shiru! Kai na gaban nan, tun ɗazu bakinka bai huta ba. Tashi tsaye!"

Na buɗe ido. Na gaban nan alƙali ne, yana tsakiyar karanta hukunci.

Abin takaici, umarnin ya yi aiki. Akawun kotu ya miƙe. Mai shari'ar kajin ya miƙe. Wani dattijo da ke kusa da ni har da cire hula. Alƙali kaɗai ya rage a zaune, yana leƙo ni ta saman tabarau.

Ɗan sandan kotu ya matso ya ce, "Madam, kai ne ka ce oga ya yi shiru?"

Aka shigar da ni akwatin da ake tsayar da masu laifi, mai kajin ya matsa ya ba ni wuri cikin ladabi. Alƙali ya ce, "Baiwar Allah, kin san abin da ake kira raina kotu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban raina kowa ba, barci nake yi."

"Barci a kotuna. Wannan raini na biyu."

"Ai ba kai nake nufi ba, na ɗauka wani yaro ne mai surutu."

"Na uku."

A nan ya kamata mai hankali ya kama bakinsa. Ni kuwa sai malantar ta motsa, na ce, "Ranka ya daɗe, a ina aka rubuta cewa barci raini ne?"

Ya ajiye biro a hankali. Ya ce, "Malama, a ɗakin nan ni nake faɗin abin da yake raini, ni nake ganinsa, ni kuma nake hukunta shi, ba sai na kira shaida ba. In na ga dama yau a gidan yari za ki kwana." Na waiga na ga Yaya Bitrus ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, kamar bai taɓa ganina ba.

Lauyanmu ya miƙe yana ta roƙo. Alƙali ya saurare shi, sannan ya juya harshe zuwa Turanci, ya ce zai sake ni in na yi "paj". To ni dai duk tsawon rayuwata, a gida da asibiti, in mutum ya ce yana paj, gudawa yake nufi. (Daga baya na ji wai a bakin lauyoyi, wanke kai ne daga laifin raini ta hanyar neman gafara. Wa ya gaya mini?)

Na dafe ƙirji na ce, "Ranka ya daɗe, a nan? Gaban jama'a?"

Ya ce, "A nan, yanzu, kuma da ƙarfi yadda na baya za su ji."

Hawaye ya zubo mini. Na ce, "Ka yi mini rai. Kunu kawai na sha, kuma cikina lafiya lau yake."

Kotu ta kece da dariya. Akawu ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Shi kansa alƙalin ya ɗaga fayil ya rufe fuska, aka daɗe ba a ga idonsa ba. Lauyanmu ya lallaɓo ya raɗa mini, "Malama, haƙuri kawai za ki ba shi, don Allah kada ki ƙara komai a kai."

Na harɗe hannuwa a baya na ce, "Yi haƙuri sa, ba zan sake ba." Aka ce ban ɗaga murya ba, na maimaita. Alƙali ya yafe gidan yari, amma ya ce in ci gaba da tsayuwa a akwatin har kotu ta tashi. Mai kajin ma an sallame shi ya bar ni a ciki, da zai fita ya ce, "Allah ya fid da ke, anti."

Shari'armu kuwa ɗage ta aka yi, domin lauyan maƙwabci ya ce ba ya jin shaidar tana cikin hayyacinta a ranar. Ruwa ya sauka, ya ɗauke, ba wanda ya shuka ko ƙwayar gyaɗa a gefen tsamiya. Sai da kaka ta wuce na ba da shaidata, da yunwa, ido a buɗe tar, aka tabbatar wa Yaya iyakarsa. Har yau in na je Vimtim matarsa takan tambaye ni, da fuskar tausayi, ko cikin ya lafa.

Abin da na koya shi ne, in ka shiga ɗakin da mutum ɗaya ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne kuma mai yanke hukunci, to bayani ba ya fid da kai, kowace jimla sabon laifi ce. Ka ba da haƙuri tun ana cewa "na ɗaya".