Mai Ƙirgen "To"

Duk wanda bai san Malam Nata'ala duba-gari ba, to bai san Kano ba, in ji Malam Nata'ala. Mutum ne mai kakin En'e, wato hukumar gargajiya, da biro uku a aljihu, biyu ba tawada. 'Yan unguwar Sheshe suna kiransa Dodon Sauro. Ya ɗauka kirari ne, mu kuma ba mu ga dalilin ɓata masa rai ba.

A daminar 1955 Likita ya ba shi aiki: ya koya wa matan unguwar rufe randa, don sauro ya rasa wurin ƙwai. In aiki ya yi kyau, akwai kujerar babban duba-gari, har da keke. Tun ranar Malam ya soma naɗe ƙafar wando irin na masu keke.

Da yake namiji ba ya shiga gidan aure, sai ya tsaya a zaure, ya gyara murya.

"Jama'ar ciki, ilimi ya zo har ƙofa. Ni Nata'ala na yanke wa sauro kwana arba'in. A rufe randa."

Daga bayan katanga sai a amsa, "To, Malam." Shi kuma ya ja layi a littafi. Allah sarki, mutumin da aka haifa a birni, amma bai san "to" ɗin Bakanuwa ba. Ita ake ce wa mai wa'azi, ita ake ce wa mahaukaci, duk don su yi gaba.

Gida ɗari, "to" casa'in da tara. Gidan wata tsohuwa Hassana kaɗai aka yi masa shiru, ya rubuta ta da jan biro: mai taurin kai. Rahotonsa shafi shida, biyar tarihinsa ne.

Likita ya yaba, amma ya ce gani ya kori ji. Ya turo Gwaggo Dije, ma'aikaciyar lafiya, da ludayinta, tana shiga har ɗaka. Kwana uku tana kamfatar ruwa, tsutsar sauro na wutsil-wutsil kamar an yi musu biki. Randa rufaffiya ɗaya ta samu, ta Hassana. Ashe kurma ce, ba ta ji lacca ba, kuma tun tana amarya take rufe randarta da faifai.

Gidan da ya fi kowanne tsutsa kuwa, Gwaggo ta ji nauyin faɗa, sai da Likita ya matsa ta ce na Malam ne. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Keke ya tafi wurin wani. Gaskiya na tausaya masa da na gan shi yana warware ƙafar wando. Ya shiga gida a fusace, ya tsaya kan matarsa Luba, ya yi mata lacca mai tsawo, ya ce daga yau ko randa ɗaya kada ya sake gani a buɗe.

Luba ba ta ɗago daga tankaɗe ba. Ta ce, "To, Malam."