Cindo da Gonar Bakin Rafi

A wani ƙauye akwai wata mata, Tasalla, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gona a bakin rafi da autanta Cindo. Cindo ƙato ne, ƙirji kamar ƙyauren zaure, sai dai abin da aka faɗa masa shi ke nan, ba ragi ba ƙari. Ƙanen ubansa, Haladu, ya sa wa gonar ido, ya ce wawa ba ya riƙe gona, a ba shi amana. Tasalla ta ce, "Haladu, ko ina barci ba na ba kura ajiyar nama." Magana ta kai gaban Sarkin Noma, ya yanke cewa ranar gayyar huɗa a gonar mai gari, in Cindo ya kai ƙarshen rabonsa, gona tasa ce. In ya gaza, Haladu ya karɓa.

Wata rana Tasalla ta tura shi wurin Sarkin Noma ya koyi garma. Sarkin Noma ya nuna masa kunyar farko a gonarsa ya ce, "Kama nan da ƙarfinka duka, kada ka tsaya sai na dawo." Aka kira Sarkin Noma jana'iza, ya manta da mutum. Cindo ya gama gonar, ya faɗa ta maƙwabci ya binne masa gyaɗa. Zuciya na dukan ƙirji, numfashi ya ƙi isa, ya amayar da kokon safe bai tsaya ba. Da la'asar aka same shi kife, hannu bai saki garma ba. Ya ce, "Baba, ka dawo? Na tsaya?" Tsamin jiki ya hana shi ko tsuguno, ya yi kwanaki yana tafiyar agwagwa.

Wata rana ya shigo gida sharkaf da zufa, leɓe ya bushe. Uwar ta ce, "Auta, ruwan da ya fita jikinka dole ka mayar da shi ciki." Ya tuɓe riga ya matse a ƙwarya, ya kafa kai. Ya yamutsa fuska ya ce, "Inna, da gishiri." Ta ce, "Ashe nan gishirina ke tafiya. Ni ina ta faɗa da mai awo, ɓarawon yana cikin gidana."

Wata rana jijiyar sharaɓa ta ɗaure masa a gona, ya faɗi yana ihu. Sarkin Noma ya kama ƙafar ya miƙe ta, ya danna yatsun baya har ta saki. Ya ce, "Duk wanda ka ga ya naɗe ƙafa yana nishi, haka za ka yi masa." Da yamma Cindo ya tarar da Haladu a dandali, ya tanƙwashe ƙafa gaban ƙwaryar ɗanwake, yaji ya kama shi yana nishi. Cindo ya cafki ƙafar ya ɗaga sama. Haladu ya koma rigingine, ɗanwake ya bi shi.

"Sake ni, ɗan banza!"

"Baffa, yi haƙuri, ba ta saki ba tukuna."

Haladu ya tashi yana kaɗe riga, ya rantse sai ya shuka dawa a gonar nan bana.

Ranar gayya Tasalla ta ji tsoro kada ya yi abin kunya wajen gaida mai gari. Ta hango Baba Arzika, tsohon da ya fi kowa tsufa a cikin masu garma, ta ce, "Auta, ka ga tsohon can? Bi shi, abin da ya yi ka yi." Ita gaisuwa take nufi.

Gangar noma ta tashi, makaɗi ya shiga kirari. Samari suka zabura, 'ya'yan Haladu a gaba, ƙasa na tashi. Baba Arzika ya ja garma da ƙarfi na ɗan lokaci, ya miƙe ya dafa ƙugu sai da numfashi ya dawo. Cindo ya miƙe ya dafa ƙugu. Tsoho ya kurɓi kunun kanwa, Cindo ya kurɓa. Tsoho ya yi tari, Cindo ya yi tari. 'Yan mata suka yi ta dariya. Haladu ya leƙo ya ce, "Matar yaya, yau kin haifi tsoho." Tasalla ta ɗaure fuska.

Rana ta take. Babban ɗan Haladu jiri ya kwashe shi, aka ja shi inuwa ana masa fifita. Ƙanensa ya durƙusa yana amai. Wasu cinya ta ɗaure, wasu hannu ya ƙi ɗaga garma, makaɗi na kiran sunansu ba mai amsawa. Tsoho da Cindo kuwa suna nan, a ja, a huta, a ja. Suka wuce na zaune, suka wuce na kwance, suka fita ƙarshen gona a tare.

Sarkin Noma ya ce, "Haladu, ka gani da idonka." Haladu ya ce ya gani, ya tafi neman amalanken da zai kwashi 'ya'yansa.

Mata suka zo yi wa Tasalla barka, ta ce, "Ai ni na ce masa." Aka nemi Cindo aka rasa. Can wata ta zo ta ce yana gidan Baba Arzika, tsoho ya sa hannu a tuwo shi ma ya sa, loma da loma, ko a je a kira shi?

Tasalla ta ce, "Bar shi ya ƙoshi tukuna."