Katakon da Ya Sha Rana a Layin Mai

Awa huɗu na yi a layin mai ranar taron shekara na masu buga hoto da katako, kuma ban samu man ba. Saura babura shida a gabana mai ba da man ya rataye bututunsa, ya ce an ce ya tsaya. Na tambaye shi wa ya ce. Ya nuna sama da yatsa. Na ɗaga kai ban ga kowa ba sai rana, ita kuwa tun safe take aikinta ba tare da ta jira umarnin kowa ba.

Na turo babur ɗin zuwa rumfar maƙwabcina mai faci, na roƙe shi ya duba mini shi har in dawo. Ya ga ina kwance baƙar ledar da na ɗaure a baya, ya tambayi ko mene ne a ciki. Na ce masa makamin da zan karya mulkin ƙungiyarmu da shi ne. Ya leƙa, ya ga katako, ya ce in dai da wannan za a yi juyin mulkin, shi zai ci gaba da facinsa.

Ga wanda bai san sana'armu ba, ga yadda take. Za ka samu katako mai laushin fuska, ka zana hoto a kai, ka bi da wuƙar sassaƙa ka ƙwaƙule duk inda kake so ya fito fari. Sai ka shafa tawada a kan abin da ya rage, ka ɗora takarda, ka danna. Dannawar ita ce wahalar. Wanda ke da inji zai murɗa hannu sau ɗaya, gangar ƙarfe ta bi ta kan takardar, an gama. Wanda ba shi da shi sai ya ɗauki cokalin katako ya yi ta goga bayan takardar, lungu-lungu, har kafaɗarsa ta fara kiran sunan Allah.

Mu ƴan cokali ne, duk da cewa muna da inji. Shekara huɗu ke nan da wasu masu son alheri suka ba ƙungiyarmu shi, sabo fil, da bargonsa na rufe takarda da littafinsa. Tun daga ranar yana nan a ƙofar zauren taro, lulluɓe da koren mayafi. Duk shekara a gayyato Mai Girma Babban Baƙo, a ɗaura ƙyalle, ya yanke, a yaye mayafin, a tafa, a ɗauki hoto, a mayar da mayafin. An ƙaddamar da injin nan sau uku, bai taɓa ganin tawada ba. In ka tambaya, sai Mai Girma Shugaban Ƙungiya ya ce ai babu wanda ya ƙware a kansa, kuma ba za a saki kayan jama'a a hannun ƴan koyo ba. Yadda mutum zai ƙware a kan abin da aka hana shi taɓawa, wannan ilimi ne na manya, ba a koya mana shi a kwaleji ba.

Abin ya fi damuna saboda Goggo, yayar mahaifina. Ita ta fara ba ni wuƙar sassaƙa, ita ta koya mini in riƙa tura ta gaba, nesa da yatsuna. Shekara talatin tana goga cokali, yanzu wuyan hannunta na dama ya kumbura, ta daina buga manyan hotuna, sai ƙanana kamar tafin hannu. Da za a kai injin nan ɗakin aikin da muke tarayya, da ta koma manyan zanukanta gobe. Don haka na rubuta ƙuduri mai shafi bakwai na neman a saki injin, na yi ta bibiyar sakatare har ya gaji da ni ya sa ni a jadawali. Sharaɗin da Shugaba ya gindaya ɗaya ne: in buga hoto da injin a gaban taro. In ya fito, a kai shi ɗakin aiki. In bai fito ba, mayafi ya koma. Na amsa da sauri har ina tausayinsa, don na karanta littafin injin sau biyu, na kuma kalli yadda ake yi a waya har idona ya yi ja.

Katakon da zan buga wata uku na yi ina sassaƙa shi. Hoton layin mai ne, mutum arba'in da ɗaya, kowa da fuskarsa, har da wani mai ƙaton ciki yana wucewa ta gefe a cikin mota. Da safen ranar na dube shi na ga tsohuwar tawadar gwaji ta dusashe masa fuska, na ce ba zan kai shi gaban manya haka ba. Na jiƙa tsumma na wanke fuskar tas, na cusa shi a baƙar leda tun bai bushe ba, na ɗaure a bayan babur. Duk mai sana'ar da ya karanta wannan ya riga ya dafe kai. Sauran jama'a ku biyo ni.

Na isa zauren a makare, ƙafata duk ƙura, amma ban rasa komai ba, don Babban Baƙo bai iso ba tukuna. An raba mana jakunkuna masu ɗauke da hotonsa, a ciki akwai biro da ba ya rubutu da littafi mai ɗauke da hotonsa. Ruwan sha ma hotonsa ne a jikin robar. Mu ɗari da wani abu da muka ƙware wajen buga hoto muna zaune, an kai aikin buga hotonsa wani waje, kuma sun buga shi da kunne ɗaya ya fi ɗaya girma. Allah ya ja zamanin masu tsara taro, sun san inda ƙwararru suke, shi ya sa suka kauce musu.

Da ya iso aka yi jawabai. Ya ce fasaha ita ce ƙashin bayan ci gaba, ya ce yana tare da mu, ya yi alkawarin gina mana cibiya mai hawa uku, wadda a bara hawa biyu ce. Sannan ya yanke ƙyalle a karo na huɗu, da irin fuskar mutumin da bai taɓa ganin injin ba.

Sai aka kira ni. An ba ni minti biyar, na yi ashirin. Na yi magana a kan sakaci, na yi magana a kan mutuwar zuciya, na ce mun zama mutanen da ke tafa wa mayafi. Har nan ina kan gaskiya, kuma ko yau ba zan janye ba. Amma tafi ya fara, kuma tafi yana yi mini abin da ba na so in faɗa a jarida. Na ɗaga murya na ce lokaci ya yi da za mu jefar da cokali, cokali na kicin ne, duk wanda har yau yake goga takarda da cokali to ya zaɓi ya zauna a zamanin jahiliyya. Tafin ya ragu. Na duba layi na uku na ga Goggo, cokalinta na leƙowa daga jaka kamar kullum, tana kallona irin kallon da take yi wa takardar da tawada ta yi wa yawa.

Kafin a fara gwajin ta taso ta same ni a gefen teburin injin. Na kwance ledar, na ajiye katakon. Ta sa yatsa ɗaya ta danna kusurwarsa, ɗaya kusurwar ta ɗaga. Ta saki, ya koma.

"Farfesa, katakonka yana rawa," in ji ta a hankali. Haka take kirana tun ranar da na dawo daga kwaleji da jakar littattafai.

Na ce mata teburin ne bai daidaita ba. Ta tambaye ni ko na sa masa ruwa, na ce kaɗan. Ta tambayi inda ya wuni, na ce a bayan babur. Ta ce katakon da fuskarsa ta sha ruwa sannan ya gasu a rana dole ya kantare, in na tura shi ƙarƙashin ƙarfe a haka ba zai miƙe ba, karyewa zai yi. Ta ce in nemi a ɗaga gwajin zuwa gobe, a danne shi da nauyi ya kwana, ko in ari ɗaya daga cikin ƙananan nata. Na ce mata in na ce gobe, Shugaba zai mayar da ita baɗi, kuma ban yi wata uku ina sassaƙa mutum arba'in da ɗaya don in buga ɗan tsuntsu a gaban Babban Baƙo ba. Wannan na biyun shi ne ainihin dalilin, na farkon ado ne.

"To, Allah ya ba da sa'a," ta ce, ta koma ta zauna.

Na shafa tawada, na ɗora takarda, na rufa bargo. Na ga tsakiyar katakon ta ɗan yi tudu, sai ilimina ya ce mini maganin tudu shi ne ƙarin matsi. Na murɗa kusoshin saman injin, na ƙara murɗawa, har da waiwayen jama'a ina bayanin abin da nake yi. Babban Baƙo ya matso da masu ɗaukar hotonsa. Na kama hannun injin na juya. Gangar ta hau, ta yi nauyi, na sa ƙarfi. Ƙarar da ta fito duk zauren ya ji ta, kamar an taka busasshen reshe. Mai tsaron Babban Baƙo ya yi tsalle ya tare gabansa.

Na ɗaga bargon. Katakon ya rabe biyu daga sama har ƙasa. Mutum ashirin a gefe guda, ashirin a ɗaya gefen, na arba'in da ɗayan kuwa tsagar ta bi ta tsakiyar fuskarsa. Mai ƙaton cikin da ke mota ko ƙwarzane bai samu ba.

Ban taɓa ganin Shugaba cikin annashuwa irin ta wannan lokaci ba. Ya karɓi abin magana da murya mai taushi, ya yaba wa ƙwazon matasa, ya ce da irinmu ake alfahari. Ya ce amma kowa ya gani da idonsa, wannan inji yana da haɗari, yau katako ne, gobe hannun mutum ne. Ya gode wa Allah da shugabanci ya yi haƙurin shekara huɗu bai saki abin ba. Aka tafa masa, har da wasu da suka tafa mini ɗazu, da hannuwan nan dai. Na nemi in yi bayani cewa laifin tsummana ne ba na injin ba, aka ce lokacin cin abinci ya yi. Mutum biyu suka ɗauko koren mayafin suka shimfiɗa, suka gyara gefe da gefe kamar masu rufa wa mara lafiya.

Jama'a suka tafi layin abinci, ni na tsaya da katako biyu a hannu. Goggo ta zo ta karɓe su, ta haɗa su a kan benci, ta zagaye su da igiyar jakar taro ta ɗaure tam. Ta sake shafa tawada, ta ɗora sabuwar takarda, ta ciro cokalinta. Na ga yadda take cije leɓe duk sanda ta danna. Bayan ɗan lokaci ta tsaya ta miƙo mini shi ba tare da ta dube ni ba.

"Karɓi, na kicin ne, amma ka yi maneji. Hannun nan ya ƙi."

Na goga. Minti arba'in ina gogawa, tana nuna mini inda na tsallake. Hoton ya fito, da farin layi siriri ya ratsa shi. Sai da muke naɗe takardar ta ce da ma ta ajiye wani babban katako a bayan ƙofa tun bara, tana jiran injin. Ta ce ba komai, zai iya ƙara shekara, katako ba ya gajiya da jira in an ajiye shi a inuwa. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

Har yanzu ina kan bakana. Injin da aka ba jama'a a ɓoye shi shekara huɗu zalunci ne, kuma da ba a ɓoye shi ba da tuni mutum goma sun iya shi, da ba a wayi gari gwajinsa ya rataya a wuyan wani mai rawar kai da tsumma ba. Sun yi shekara huɗu suna neman hujja ba su samu ba, ni na ɗauro musu ita a bayan babur, na kawo har gida, a ƙafa ma.

A zaman rufe taro aka kafa kwamitin nazarin lafiyar inji, mai mutum tara, zai kawo rahoto a taron baɗi. Shugaba ya ce tunda ni kaɗai na taɓa juya shi, ni ne mafi ƙwarewa a ƙungiyar, don haka ya ba da sunana a matsayin sakataren kwamitin. Na miƙe da niyyar in ƙi, in faɗi maganar da za a daɗe ana tunawa. Sai aka fara tafi. Na ji kaina ina godiya da wannan amana.

Yanzu duk yamma ina wajen Goggo ina goga mata cokali, mun fara babban katakon nan, kafaɗata ta hagu ma ta san aikin. Kwamiti bai zauna ba tukuna, ana jiran a samu babban mutum da zai ƙaddamar da shi. Jiya wata abokiyar sana'a ta kira ni a waya, ranta a ɓace, tana tambayar yaushe za a saki injin. Na ji bakina ya ce mata ta ƙara haƙuri, ana kan duba lamarin. Abin da ya ba ni tsoro shi ne ko tuntuɓe harshena bai yi ba.