Keke Mai Warin Albasa

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je Argungu a keke ba. Wai a keke.

Tumbi ne ya jawo mini. Shekara tara ina aikin ofis a Birnin Kebbi, daga kujera sai mota, daga mota sai tuwon shinkafa, har likita ya ce lallai in riƙa motsa jiki. Na sayo keke na gwanjo mai giya, na jingine shi a falonmu a unguwar Gesse. Matata Hadiza ta dubi keken, ta dubi cikina, ta ce, "Baban Amira, wanga keke ko unguwar Badariya nan cikin gari ba ya kai ka."

Maganar ta ƙona mini rai. A gabanta na kira mahaifinta a waya. Baba manomin albasa ne a Argungu, kuma a ƙuruciyarsa da keke yake zuwa Birnin Kebbi ya koma a rana ɗaya. Na ce, "Baba, nan da mako biyu zan zo gaishe ku, kuma a keke zan zo." Ya ce, "To, Allah shi kawo ka lahiya."

Daga nan na duƙufa shiri. Kai, na yi shiri! Na zana hanya a taswirar waya, na ce ba zan bi kwalta ba, ta fadama zan ratsa in sha iska. Na sayi famfo, kayan faci, hular kwano, gilashi baƙi. Na tanadi dabino da ƙuli-ƙuli. Har wuraren da zan tsaya ɗaukar hoto na rubuta a takarda. Abu ɗaya kawai ban yi ba a mako biyun nan: hawa keken. (Na dai goge shi sau uku.)

Ran Juma'a Hadiza da yara suka yi gaba a mota. Ni kuwa ana idar da sallar asuba ran Asabar na kama hanya. Gaskiya farkon tafiyar da daɗi. Shinkafar rani kore shar, injinan ban ruwa na ta ƙugi, manoma na ɗaga mini hannu ina ɗaga musu kamar mai neman ƙuri'a. Sai na tarar da abin da taswira ba ta nuna ba: yashi. Taya ta nutse, na sauka ina turawa. Rana ta ɗaga, cinyoyina suka hau rawa, sirdin keken ya zama tamkar bakin turmi. Kafin hantsi dabino ya ƙare, ni ma na ƙare. Na lallaɓo bakin kwalta na zauna a ƙarƙashin darbejiya, ko rabin tafiya ban yi ba.

Ina nan sai ga wata a-kori-kura ta kai albasa Birnin Kebbi za ta koma. Na tsayar da ita. Direban ya ƙare mini kallo kamar zai yi magana, sai ya fasa, ya ce gaba ta cika, in hau baya. Ni da keke muka kwanta a kan buhunan da aka zazzage. Dab da shiga gari na buga masa ya sauke ni. Na sayi ruwan leda biyu na juye a kaina da rigata, na hau keke, na shiga Argungu ina haki na ƙarya.

Aka tarbe ni kamar wanda ya dawo daga Hajji. Hadiza ta riƙe baki. Baba ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo fura da soyayyen kifi, maƙwabta suka zo kallon suruki mai keke. Da na yi shiru da an rabu lafiya. Ina! Sai na hau ba da labari, har ina cewa, "Ai Baba, ko sau ɗaya ban sauka ba." Baba ya sunkuya ya zare ɓawon albasa daga sarƙar keken, ya juya shi a hannu.

Sai muka ji sallama. Direban nan ne, riƙe da hular kwanona.

"Alhaji, ga hular surukinka, ya mance ta cikin mota." Ya juyo gare ni yana murmushi. "Ango, ba ka gane ni ba ko? Ni hwa na kai kayan amaryarku Gesse. Da ka bari ai har ƙofar gida zan kawo ka."

Na ajiye kifin da ke hannuna. Daga cikin gida na jiyo dariyar Hadiza, wadda ko ƙoƙarin ɓoyewa ba ta yi ba. Na duƙar da kai ina nazarin saƙar tabarma kamar zan saye ta.

Baba ya tura mini ƙwaryar fura. "Sha, ɗana. Hanyar fadama da wuya, mu ma da ƙuruciya muka yi ta." Na fara jin sanyi a raina, sai ya dubi direban ya ƙara da cewa, "Sani, gobe in za ka koma da kaya, ka aje mishi wuri. Amma gaba hwa, kar a sake sa shi baya."

Haka na koma gida a gaban mota, keke a kan albasa.

Yanzu kowace Asabar nakan hau keken, tumbin ma ya ɗan ragu, kuma ina sanar da ku cewa na kai Badariya har na wuce. Abin da na koya shi ne, in zan yi cika baki, in fara yi wa cinyoyina su amince kafin surukina ya ji. Har yau in na kira Baba na ce za mu zo, sai ya tambaye ni cikin natsuwa, "A keke, ko in gaya wa Sani?"