Ranar da Kaka Ya Binne Min Batir

"Lafiya lau, lafiya lau, kowa lafiya! Kaka, gaisuwar nan ta isa haka. Ina batirina?"

"Ji mara kunya. Ko ya ƙafa ba ki ce min ba."

"Ya ƙafa? To na ce. Ina batirina?"

Bari ku ji yadda aka yi. Ni keke mai caji nake hawa, da shi nake kai wa mutane saƙo gida-gida. Batirinsa ya mutu, har ya kumbura kamar burodi, na sa sabo. Umma ta rantse tsohon ba zai kwana mata a ɗaki ba, shi ne na kai shi gidan kakana na tura bayan ƙofa. Yau da safe bakanikena ya kira ni, wai masu karɓar matattun batura sun zo shagonsa, kafin la'asar za su wuce, kuma ba ranar dawowarsu. Na zo a guje. Na tarar da tsoho ya miƙe ƙafa a tsakar gida yana tufka igiyar rama, ga hadari yana haɗowa.

"Batirinki?" in ji shi. "Allah ya ji ƙansa."

"Na san ya mutu. Ina gawar?"

"An yi masa sutura. Shekaranjiya na binne shi."

"Ka me?"

"Kunnen ma sai an sa masa caji? Na ce na binne shi, a lambu."

Kaka yana da ramuka uku a lambunsa na bayan gida. Duk abin da ya tsufa can yake zuwa: yagaggen kwando, guntun igiya, takardu, busasshen ganye. Ya rufe da ƙasa, bayan wata biyar ya tono taki. Kuma ramukan nan taku kaɗan ne tsakaninsu da rijiya da bishiyar lemonsa.

"Tsoho, ka rikice! Wa ya ce maka ana binne batir?"

"Ke."

"Ni? Yaushe?"

"Ba ke kika tsaya nan kika riƙe ƙugu ba? Wai kekenki ba hayaƙi, ba ƙara, ba wari, wai abokin ƙasa ne. To ni kai shi na yi wurin abokiyarsa, su gaisa."

"Guba ce a cikinsa! In ruwan nan ya sauka ya shige shi, ta tsiyaye, lemonka ya mutu, rijiyarka ta baci!"

"A'a, 'yar caji, ƙarya kike masa. Abokin ƙasa ba ya haka."

"Wane rami ne a ciki?"

"Na manta. Ai kin ce na rikice."

"Kaka!"

"Amma akwai maganar da in na ji ta, ƙwaƙwalwata kan dawo. Ki ce kwandon Kaka ya fi kekena mutunci."

"Allah ya kiyaye! Kwandon da damina ɗaya ke kashewa? Na bara da ka ba Umma, gindinsa ya ɓalle a tsakiyar kasuwa, albasa ta watse har ƙarƙashin motoci."

"Ya mutu, ya zama taki, ya fito da wata albasar. Kekenki in ya mutu me zai fito? Taya?"

"Ƙarfensa narkawa ake a yi wani abu."

"Robar fa?"

"Ita ma... ana wani abu da ita."

"Wane abu?"

"Ni na sani? Ni ce kamfanin?"

"Yawwa. Jikokin jikokinki za su zo su tarar da kujerar keken nan tana nan daram, su ce wannan wace mai faɗin zama ce ta hau."

"Kai kuma takardun da kake taƙama da su daga sama suka faɗo? Itace aka sare! Ka zauna kana linke wa mai shago jakar takarda kamar wani waliyyi, alhali daji guda ka cinye."

"Tsofaffin jaridu ne, uwar baki. An karanta su, an zuba kaya a ciki, sannan ƙasa ta ci. Aiki uku. Ke ko ɗaya ba ki gama ba."

"To wancan tsohon babur ɗinka fa? Wanda in ka tayar da shi kaji ke tari?"

"Kar ki taɓa marigayi. Shi hayaƙinsa a fili yake yi, kowa na gani. Naki munafuki ne, yana tafe shiru, mugun abu na ciki."

Iska ta taso. Na ga in na biye masa sai ruwa ya tsuge muna nan. Na suri fartanya na yi lambu, har na ɗaga sai na tuna bakanike ya ce in ƙarfe ya huda batirin nan wuta yake kamawa. Na yar. Na durƙusa bakin ramin farko na hau tono da hannu, ni da na shafa jan farce jiya-jiyan nan. Kaka ya biyo ni da sandarsa, ya sami kututture ya zauna kamar mai kallon ƙwallo.

"A hankali, kar ki tashi tsutsotsina, barci suke."

Ƙasar baƙa wuluk, ga laushi. Na ciro wani abu da ya marmashe a hannuna, saura ɗan bango da rabin sunana a jiki.

"Kaka, wannan ba littafin lissafina ba ne?"

"Shi ne. Shekara uku kina kai shi makaranta bai tsinana komai ba. Wata huɗu a ramina, dubi barkonon da ya fitar. Ashe sifili taki ne."

"Allah ya isa tsakanina da kai."

"Amin. Saura rami biyu."

Sai ɗigon ruwa ya sauka min a wuya. Wani ya bi. Na dubi rijiyar, na dubi tsohon nan. Dariya yake, shi har ga Allah duk wasa ya ɗauke shi.

"Kaka, tsaya. Ba zolaya nake ba. Da ruwan nan kake alwala, shi kake sha."

Dariyar ta ɗan ragu, amma bakin bai mutu ba.

"To ki faɗa mana. Kalma nawa ce?"

"Kwandonka ya fi kekena mutunci."

"Ban ji ba, iska."

"Kwandon Kaka ya fi kekena mutunci! In ya mutu! In ya mutu kawai na ce, da rai kam ko kusa!"

"Na karɓa haka. Na gindin lemo."

Mu biyu muka tona, shi da murfin tukunya, ni da yatsu. Ashe a buhun rama ya naɗe shi. Kwana biyu kacal, gara ta fara cin buhun. Batir kuwa na nan yadda yake, kumburinsa ma kamar ya ƙaru. Kaka ya leƙa, ya ja baya.

"Kin ga gara ta ci buhu, ta iso kansa ta yi sallama ta juya. Abin da gara ta ƙi, lalle ba na ƙasa ba ne. Ban kyauta wa lemona ba."

"Maimaita, ban ji ba, iska."

"Tashi, ja'ira!"

Ya ɗauko sabon kwando, ya zuba yashi, muka kwantar da batir a ciki muka rufe da leda, muka ɗaure a gaban keke. Ina hawa sai na ji keken ya nutse ta baya. Na waiga, tsoho ne ya ɗare, ya rungume sandarsa.

"Ina zuwa kuma?"

"Rakiyar gawa. Ban yarda da ke ba, kina shan kwana za ki wurga shi a kwata. Sai na ga an karɓa da idona."

"To riƙe ni da kyau, ba ni da kakan canji."

"Ke dai tuƙa a hankali. Ni in na faɗi, ƙasa ba za ta yi min irin ta batirinki ba, hannu biyu za ta karɓe ni."

Dariya ta kusa kayar da mu a bakin ƙofa.

"Ka ci, tsoho, ka ci! Ɗaga ƙafarka mu wuce kafin ruwan nan ya yi ƙarfi."